Zuwa ga Honarabul: ka tambayi gada nawa na sa wa hannu

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ban ji shirin ba lokacin da aka sa shi, ina layin likitan ido. Jikata ce ta kawo mini shi a waya bayan isha'i, ta ce, "Kaka, da kai fa ake." Na saurara sau biyu. Saboda waɗanda ba su ji ba, ga yadda aka yi. Makon da ya gabata an gayyace ni gidan rediyo kan gadojin da ke karyewa duk damina, na ce da yawa daga cikin waɗanda ake cewa ruwa ya ci, sakaci ne ya fara cin su, ruwa ƙarasawa kawai ya yi. Da aka ba ka dama kai kuma, ka ce wannan zancen injiniyoyi ne masu neman inda za su rataya laifinsu. Ka ce in rashin kula ke kayar da gada, me ya kayar da ta Genoa a Italiya, ko su ma Turawan ba su iya gyara ba ne? Ka kawo ta Baltimore a Amurka. Ka ce ambaliya ƙaddara ce. Sannan ka rufe da cewa a tambayi Injiniya, a shekarun da ya yi yana aiki, gada nawa ya sa wa hannu, kuma nawa aka ba shi. Mai gabatar da shirin ya yi dariya. Kai ma ka yi.

Ta Baltimore na bar maka. Ranar 26 ga Maris 2024 wuta ta ɗauke wa wani ƙaton jirgin ruwa na dakon kaya mai suna Dali, ya daki ginshiƙin gadar, ta zube. Mutum 6 da suka mutu ma leburori ne da ke cike ramukan titin gadar cikin daren. Ban taɓa cewa duk gadar da ta faɗi sakaci ne ba. Kuskuren zane na kayar da gada, karo na kayarwa, lodin da ya wuce ƙima na kayarwa, girgizar ƙasa ma haka. "Da yawa" na ce, muryata tana nan a ajiye a gidan rediyon.

Amma Genoa, ƙanena, da ka shawarce ni kafin ka shiga situdiyo da na hana ka ambatarta, don ba ni da shaidar da ta fi ta. Duk wanda ya rubuto maka ita a takarda bai kyauta maka ba.

A 1967 aka buɗe gadar. Riccardo Morandi ne ya zana ta, injiniyan da duniya ta san da zamansa a aikin kankare. Ta fi kilomita ɗaya tsawo, ta bi ta saman kogin Polcevera da layin dogo da gidajen mutane, titinta na rataye kimanin mita 45 daga ƙasa. Hasumiyoyi uku ke ɗauke da ɓangarenta mafi wuya, ta 9 da ta 10 da ta 11, kowace da igiyoyi huɗu kacal da suka sauko suka riƙe titin. Morandi ya yi wata dabara, ya lulluɓe igiyoyin ƙarfen da kankare don kada iska da ruwa su taɓa su. A takarda abin gwanin sha'awa. Da aka zo aiki, kankaren da aka sa ya kare ƙarfen shi ne ya ɓoye shi daga idon mai dubawa. Duk inda siminti bai cika ba a ciki, danshi ya shiga ya yi zamansa. Ga iskar teku mai gishiri, ga hayaƙin masana'antar ƙarfe a kusa. Tsatsa na cin waya a ciki, kai kana tsaye a waje kana ganin kankare lafiya lau.

Na san za ka ce to ai ga shi nan, laifin zane ne, laifin injiniya. Ban musa ba, zanen yana da rauni. Abin da igiya huɗu ke riƙe da shi, in ɗaya ta tsinke ba mai karɓar nauyinta. Amma ka ji sauran labarin. Tun 1979, gadar na da shekara 12, shi Morandin da kansa ya rubuta cewa iskar teku da hayaƙi suna cin ta, sai an riƙa bin ta da kulawa. A farkon shekarun 1990 aka duba igiyoyin hasumiya ta 11, aka ga ɓarnar da ido, aka ɗaura mata sababbin igiyoyi ta waje. Ta 9 kuwa, wadda zanensu ɗaya, maginansu ɗaya, iskar da suke shaƙa ɗaya, ba a yi mata irin wannan aikin ba. Aka yi kusan shekara 25 a haka. Sai a 2018 aka fitar da kwangilar gyaran ta 9 da ta 10, ta kimanin Yuro miliyan 20, a kan za a fara aiki nan da 'yan watanni. Ranar 14 ga Agusta, wajen ƙarfe 11 da rabi na safe, ana tafka ruwa, hasumiya ta 9 ta zube da titi mai tsawon mita 200 da 'yan kai. Mutum 43 suka mutu. Kusan 600 aka kwashe daga gidajensu.

Ka lura, ana ruwa ranar. Da a nan ne, kafin la'asar an fito an ce ruwan sama ne, a je jaje, a kafa kwamiti. Can ma an ɗan taɓa zancen tsawa da ruwa. Amma ƙwararrun da kotu ta naɗa, a rahotonsu na Disambar 2020, sun ce tsatsa ce ta cinye wayoyin da ke can ƙololuwar ɗaya daga igiyoyin hasumiya ta 9, kuma da an yi dubawa da gyara yadda ya kamata, da wuya a kai ga haka. A Yulin 2022 aka gurfanar da mutum 59, cikinsu har da manyan kamfanin Autostrade mai karɓar kuɗin bin titin, da jami'an gwamnati. To ga amsarka. Sun iya gyara sarai. Sun san ciwon, sun san maganin, har sun taɓa ba wa 'yar'uwarta ta warke. Jan ƙafa suka yi, kuma ba a samu wanda ya yi ƙarfin halin rufe hanyar da ke kawo kuɗi ba. Ka riƙe wannan ta ƙarshen, zan dawo mata, don ta shafe ni.

Batun ƙaddara, ba ni zan koya maka addini ba, ka fi ni zuwa Umara. Amma na san mahaifinka, Allah ya jiƙansa, kuma ba ka fi shi imani da ƙaddara ba. Duk shekara kafin ruwan fari sai ya sa an kwaɓa ƙasa, an hau soro an yi yaɓe, an zare shara da ciyawa daga bakin indararo, an ƙwanƙwasa azara a ji ko gara ta shiga. Kai kanka ka sha ɗaukar ƙasa a kwano kana miƙa wa magini, na gan ka. Soron nan ya ga damina mai yawa yana tsaye, na wasu da aka bari kuwa ya zauna da ruwan Agusta. Wannan ƙaddara, wancan ma ƙaddara. Sai dai mai raƙumi an ce masa ya ɗaure tukuna sannan ya yi tawakkali.

Ita ma gada tana da indararonta. 'Yan ramuka ne a gefen titi da ke zubar da ruwa ƙasa. In yashi da ledar fiya wata suka toshe su, ruwa sai ya kwanta, ya nemi hanya ta mahaɗar da aka bari don gada ta riƙa miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi, ya riƙa ɗiga kan matashin da gadar ke zaune a kai. Daga nan ya bi tsaga ya iske rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya turo kankaren da ke kansa ya ɓanɓare, ya ƙara buɗe wa ruwa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tunda kana son misalin Amurka, ranar 28 ga Janairu 2022 wata gada ta faɗi a Pittsburgh da motar bas a kanta, sa'o'i kaɗan kafin Shugaba Biden ya iso garin don yin jawabi kan gyaran hanyoyi da gadoji. Da aka yi bincike, toshewar magudanai ce ta sa ƙafafun ƙarfen suka ruɓe har suka huje, kuma shekara da shekaru masu dubawa na rubuta a gyara. Aikin da mutum biyu da shebur da tsintsiya za su fara.

Wannan na sama ke nan. Abin da ya fi ba ni tsoro a gadojinmu yana ƙasa, inda mai wucewa a mota ba ya gani. Ruwa in ya zo da ƙarfi ya daki ginshiƙi, juyawa yake yi a gindinsa yana rarake ƙasa, kamar yadda za ka ga ya yi wa sandar da aka kafa a rafi. In ruwan ya janye sai yashi mara ƙarfi ya cike ramin, ka zo ka ga kamar ba abin da ya faru. Kowace damina ramin na ƙara zurfi. Sai kuma a samu masu tifa sun mai da ƙarƙashin gadar wurin ɗibar yashi, saboda nan ne hanya ta fi kusa. Gadon kogin ya yi ƙasa, fandisho ya fito fili. A Fotugal, daren 4 ga Maris 2001, ginshiƙin wata tsohuwar gada a kan kogin Douro ya zauna, motar bas da ƙananan motoci uku suka faɗa ruwa, mutum 59 suka mutu. An yi ruwa sosai a shekarar, gaskiya ne. Amma an daɗe ana kwasar yashi a kogin. Ministan da abin ke ƙarƙashinsa, Jorge Coelho, cikin daren ya ajiye aiki. Ban kawo wannan don in nuna wa kowa hanya ba, na faɗe shi ne kawai don ya faru.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Gada nawa na sa wa hannu? Da yawa, da kwalbatoci da ban ƙirga ba. Suna nan a fayil, sunana na ƙasa, ba da sunan wani na fake ba. Ka fi ni hanyar shiga ofisoshin nan, je ka sa a ciro maka. In ka je, ka ce a haɗo maka da waɗanda na ƙi sa wa hannu. Ɗaya daga ciki, wadda na tarar an rage rodi an cika kwaɓi da yashi, ita ta sa aka mai da ni wani ofishi da ba aikin da ake yi sai karatun jarida, na yi shekara biyu a can. Nawa aka ba ni? An kawo, ba zan ce ba a taɓa kawowa ba. An kawo ambulan, an kawo rago, an kawo mabuɗin mota. Gidan da nake ciki ka san shi, nan kake zuwa yawon Sallah kana ɗan firamare. Ɗaki biyu na ƙara a kai, da kuɗin giratuti, shi ma sai da na yi zarya. In akwai wani gidan da na ɓoye a Abuja, ka taimaka ka nuna mini, iyalina na bukata.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Akwai laifin da nake da shi, kuma ba shi ka tambaya ba. Zan faɗa maka da kaina.

Akwai wata gada a kan hanyar da ta haɗa kasuwanni biyu, ba zan faɗi sunanta ba. Da rani na je duba ta, ni da direba da lebura ɗaya. Muka gangara ƙasa, muka bi sawun tayar tifa har gindin ginshiƙi na tsakiya. Wurin na warin kashin jemage. Na durƙusa na tura gora ƙarƙashin fandisho, ina jiran in ji ta tokare. Ta shige gaba ɗaya, hannuna ya bi ta har kafaɗa, ban taɓa komai ba. Leburan nan ya dube ni ya ce, "Oga, to a kan me take zaune?" Na ɗaga guduma na ƙwanƙwasa cikin bim, wato doguwar azarar kankaren da ke ɗauke da titin, maimakon ƙarar dutse sai na ji ƙarar fasasshen tulu, wani ɓawon kankare ya faɗo da jan rodi manne a jikinsa. Muna nan tsaye wata tirela ta bi ta kanmu, ƙura ta zubo mana a ka.

Na koma na rubuta rahoto. Na ce a cike gindin da kankare, a jera kejin waya cike da duwatsu, a hana ɗibar yashi kusa da gadar, a buɗe magudanai. Kuɗin bai kai na mota ɗaya daga cikin waɗanda aka raba wa masu girma a shekarar ba. Fayil ya hau sama, ya dawo da layi ɗaya da jan biro: a jira kasafi. Shekara ta zagayo na sake rubutawa, na haɗa da hotuna. Ta uku ma haka. A damina ta huɗu, cikin dare, ginshiƙin ya zauna, wata daf ɗauke da masara ta faɗa. Direban ya fita. Yaron motar bai fita ba. Na je ta'aziyya, na zauna a kan tabarma a zauren ubansa, ban faɗi ko ni wane ne ba. Aka yi ta cewa ruwa ne, ruwa ne, ni ma na ɗaga hannu aka shafa fatiha da ni.

Laifina shi ne na ɗauka in na rubuta na ajiye kwafi, na fita. Ina da ikon in ce a rufe gadar ga manyan motoci. Ko da ba a saurare ni ba, ina iya jera durom huɗu da gungume, in je wurin hakimi da shugaban direbobi in nuna musu abin da gorata ta gani. Ban yi ba. Na ji tsoron ihun 'yan kasuwa, na ji tsoron wayar da za ta zo daga sama, ga shi ban daɗe da fitowa daga ofishin nan na karatun jarida ba. Abin da na ce ka riƙe game da Genoa ke nan. Da wannan ka tuhume ni, da na sunkuyar da kai ban ce uffan ba.

Sai dai tunda ka buɗe littafin tambaya, bari ni ma in saka tawa. A shekarun nan uku da fayil ɗina ke hawa yana saukowa, su wa ke zaune a kwamitin da ke tace kasafin ayyuka? Wa ya ga layin gyaran gadoji, ya ga ba shi da amfani, aka mai da kuɗin ginin ƙofar gari da shataletale mai fitilu? Da gadar ta faɗi aka ba da kwangilar gaggawa, wadda ba a tallata ba, da kuɗin da ya ninka nawa sau ba adadi, hannun wa ta faɗa? Ban ambaci suna ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Ciwon ai ba ɓoyayye ba ne. Gyara ba shi da biki. Ba a kiran makaɗa don an zare shara daga magudana, ba a kafa allo da sunan mai girma don an zuba duwatsu a gindin ginshiƙi, ba wanda ya taɓa cin zaɓe da gadar da ba ta faɗi ba. Shi ya sa in ma an tashi gyaran sai a yi wanda ido ke gani, a shafa fenti baƙi da fari a hannun gada, a zuba sabuwar kwalta a kan tsohuwa, a ƙara mata nauyi. A Morbi ta Indiya haka aka yi wa wata tsohuwar gadar masu tafiya a ƙasa: aka sake mata daɓe, aka bar tsofaffin igiyoyin da tsatsarsu, aka buɗe. Bayan 'yan kwanaki, ranar 30 ga Oktoba 2022, ta tsinke, aƙalla mutum 135 suka mutu. Masu bincike sun tarar cikin wayoyi 49 na igiyar da ta tsinke, 22 tsatsa ta riga ta ci su.

Yaran da muka bari a aiki suna kira na. Injiniya mai digiri, an ce ya duba gadojin shiyya guda, ba mota, ba mai, ba tsani, ba kwalekwale. In ya nemi zanen gadar sai a ce gara ta cinye shi a sito. Tun da jirgin ƙasa ya daina ɗaukar kaya yadda yake yi a da, siminti da hatsi da man fetur duk suka dawo kan titi, kan gadojin da aka zana lokacin da babbar mota ita ce roka mai bodin katako, ma'aunin lodi kuma in ka gan shi a bakin hanya awaki ne ke kwance a kai. In gada ɗaya ta tafi, kowa ya ji a jikinsa. Da ta Tatabu ta karye a 2017 tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motocin Arewa da Kudu sun yi cirko-cirko. Da ta Namnai ta tafi a daminar 2024, matafiya a kan babbar hanyar Jalingo zuwa Wukari sun koma tsallakawa da jirgin ruwa. A ranar da irin wannan ta faru, injiniyan nan da aka hana man mota shi za a fara kira a rediyo a tambaye shi nawa aka ba shi.

Na ji an ce fastocinka sun fito, Allah ya sa alheri. Na kuma fahimci lokaci irin wannan mutum na bukatar wanda zai nuna wa jama'a da yatsa, tsoho mai fansho kuwa ba ya da 'yan jagaliya. Ba komai. Da bakin mahaifinka ya ce in riƙa ja maka kunne, ban yi ba sai yau.

Akwai gada a mazaɓarka, wadda ayarinka ke bi duk ranar kasuwa. Na shiga ƙarƙashinta watan jiya, don har yanzu ban iya wuce gada ban leƙa ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba zan jira ka a bakinta. Ka bar babbar riga a mota, ka sa takalmin roba, akwai laka. Ka zo da mai gabatar da shirin in yana so, da na'urarsa. Zan kawo guduma da gora, kai za ka tura ta da hannunka.

Wassalam.

Yayanka,
Injiniya mai ritaya